Binciken Salsalar Gida ta Hanyar Takardun Tarihi: Inda Mutumin Zandam Zai Fara



Wannan lacca ta shafi hanyar da mutumin Zandam, ko na wani gari daga cikin garuruwan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, zai bi idan ya ƙudurta binciko salsalar gidansu da taimakon takardun tarihi. Salsala, wadda malamai suke kira nasaba, ita ce jerin iyaye da kakannin da mutum ya fito daga tsatsonsu, ɗa daga uba, uba daga kaka, har zuwa inda sani ya ƙare, idan kuwa aka zana wannan jeri da rassansa, aka shigar da 'yan'uwa da matan aure da 'ya'yansu, to shi ne abin da Larabawa suke kira shajara, wato bishiya. Ilmin nasaba ba baƙo ba ne a wurin Musulmi, domin Ibnul Kalbi da Ibnu Hazmi sun wallafa manyan littattafai a kan nasabar Larabawa, a ƙasar nan kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Wazirin Sakkwato Junaidu sun rubuta asalin danginsu na Toronkawa. Amfaninsa a shari'a sananne ne, tun da rabon gado da waliccin aure da sanin muharramai da sada zumunci duk a kansa suka dogara. Sai dai waɗannan rubuce-rubuce gidajen sarauta da na malanta suka shafa, manomi da maƙeri da majemi da falke kuwa babu wanda ya zauna ya rubuta nasu.

Wajibi ne mai bincike ya fahimci wannan tun kafin ya ɗauki alƙalami, don kada ya ɓata shekaru yana neman abin da ba a taɓa rubutawa ba. A Ingila an umarci majami'u tun 1538 su riƙa rubuta sunan duk wanda aka yi wa wankan shiga addini da wanda aka ɗaura wa aure da wanda aka binne, gwamnati kuma ta fara tata rajistar a 1837, saboda haka Bature mai neman kakanninsa yana da kundin da zai buɗe. A ƙasar Hausa ana raɗa suna ne a gaban jama'a a raba goro, ana ɗaura aure da waliyyai da shaidu, kabari kuma ba a rubuta masa suna, dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta dole da ake aiki da ita a duk faɗin Nijeriya ma ta 1992 ce, har yau kuwa ba ta gama ratsa ƙauyuka ba. Takardun da mutumin Zandam zai samu an rubuta su ne don karɓar haraji, ko yanke shari'a, ko naɗin sarauta, ko ɗaukar yara makaranta, sunan kakansa kuma ya shiga cikinsu ne a kan hanya. Saboda haka kowace takarda sai an karanta ta tare da sanin dalilin da ya sa aka rubuta ta da irin abin da marubucinta yake da dalilin ɓoyewa ko ƙarawa, sannan a gwada ta da abin da dattawa suka faɗa, ita ta gyara su, su kuma su gyara ta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne farawa daga sama. Gidaje da yawa suna da labarin wani kaka da ya taso daga gabas, kamar yadda sarakunan Hausa suke danganta kansu ga Bayajida, sarakunan Barno na da ga Saifu ɗan Zi Yazan, wasu Fulani kuma ga Uƙuba ɗan Nafi'u, sai mai bincike ya kama wannan suna ya ce zai gangaro da shi har zuwa kansa, ya yi ta cusa sunaye a tsakani don igiyar ta haɗu. Hanyar da ta dace ita ce ya fara da kansa, ya tabbatar da mahaifinsa da mahaifiyarsa, sannan kakanninsa huɗu, kada ya haura mataki sai ya kafa ƙafa a wanda yake kai. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya bar wani ma'auni a cikin Muƙaddima wanda har yanzu yake aiki, shi ne a ƙirga iyaye uku ga kowace shekara ɗari. Idan mutumin da aka haifa a 1980 ya lissafa iyaye bakwai sannan ya ce na takwas Uƙuba ne, to bakwai ɗin ba za su kai shi nesa da wajajen 1750 ba, alhali Uƙuba ya rasu a 683, tazarar da daga 1980 take buƙatar iyaye kusan arba'in. Wannan ba ya nufin dattawan gidan maƙaryata ne. Abin da yake faruwa shi ne ƙwaƙwalwa takan riƙe na kusa saboda an san su, ta riƙe na can ƙoli saboda darajarsa, na tsakiya kuwa su zube ɗaya bayan ɗaya. A gidajen da maza suke aure har tsufa ma'aunin yakan ɗan miƙe, domin dattijo mai shekara sittin yana iya haihuwa, amma miƙewar ba ta kai ta cike shekara dubu ba.

Tushe na farko, wanda kuma ya fi kowanne saurin salwanta, shi ne tsofaffin gida. Takarda tana iya jira a Kaduna shekara goma, tsohuwa mai shekara tamanin da biyar kuwa ba ta da tabbacin ganin damina mai zuwa. An ambaci tsohuwa da gangan, saboda ko da yake nasaba ta wajen uba ake lissafa ta, mata su ne suka fi riƙe wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo amarya, wa ya sha nonon wa, wace ce ta fita ta yi wani aure ta haihu a can. Mai bincike ya je da goronsa da ladabinsa, ya nemi izini kafin ya naɗi murya a waya, ya gana da kowane dattijo shi kaɗai, domin idan aka tara su a zaure ɗaya ƙanana sukan yi shiru su bar wa babba magana ko da sun san ya karkace. Kada ya sa wa mutum amsa a baki, kamar ya ce ai daga Barno kakan nan ya zo ko, gara ya tambaya daga ina ya zo, sannan ya bi da tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato a bakin wa aka ji, domin wanda ya ga mutum da idonsa da wanda ya ji labarinsa a bakin maroƙi ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai kuma alkunya, wadda takan hana mace kama sunan mijinta ko surukinta ko ɗanta na fari, har ma da duk mai irin sunansu, saboda haka sai a bar ta ta yi sakaye, a nemi ainihin sunan a wurin wani.

Sunaye su ne ramin da masu bincike suka fi faɗawa. Mutum ɗaya yana iya bayyana da suna uku, Abubakar a wurin liman, Garba ko Habu a cikin gida, Ɗanladi a bakin abokan wasa saboda ranar Lahadi aka haife shi, idan kuma ya yi sarauta ko ya je Makka sai sunan yanka ya nutse gaba ɗaya. Haka Usman yake zama Shehu, Umaru Sanda, Yusufu Maitama, Abdullahi Audu, A'isha Indo, Hauwa'u Kulu. A ɗaya ɓangaren kuma mutum uku suna iya ɗaukar suna ɗaya, tun da al'ada ce a mayar wa jika sunan kakansa a riƙa kiransa Abba ko Baba, ta yadda Muhammadu ɗan Ibrahim ɗan Muhammadu ɗan Ibrahim zai iya rikiɗa ya koma mutum biyu kawai a bakin mai ba da labari. Amma laƙabi yana ɗauke da shaida ga wanda ya iya karanta shi, domin Audi yana nuna an haifi yaro bayan rasuwar mahaifinsa, Talle maraya ne, Gambo ya biyo tagwaye, Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Sani da Salisu da Rabi'u kuma suna faɗar matsayin mai su a jerin masu suna Muhammadu a gidan. Sunan iyali da ake gada daga kaka zuwa jika, irin na Turawa, babu shi a nan, shi ya sa makarantun boko suka riƙa liƙa wa ɗalibi sunan garinsu, kamar yadda aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Ali Sa'ad Birnin Kudu, gwamnan farar hula na farko a Jigawa. Mutum biyu da suke rubuta Zandam ko Gwaram a ƙarshen sunansu ba lalle ne su haɗa jini ba.

Kalmomin dangantaka ma suna buƙatar warwara. Baba yana iya zama mahaifi ko wansa ko ƙanensa, ɗan'uwa yana iya zama shaƙiƙi ko ɗan uba ko ɗan baffa, yaron da goggo ta riƙa ko agolan da ya biyo uwarsa kuma sau da yawa da sunan maigidan da ya tashi a hannunsa ake kiransa. A kan kowane suna sai an tambayi wa ya haife shi, ba wa ya rene shi ba.

Daga nan sai batun shekaru. Dattawa ba su lissafi da lambobi, suna lissafi ne da zamanin sarakuna da manyan al'amura, aikin mai bincike kuma shi ne ya tanadi jadawalin da zai mayar da waɗannan zuwa shekaru. Tun da wannan yanki a ƙarƙashin Kano yake a da, sarakunan Kano su ne sandunan awo: Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, Abbas ya yi sarauta daga wannan shekara zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Muhammadu Sanusi zuwa 1963, shekarar da Muhammadu Inuwa ya yi 'yan watanninsa aka naɗa Ado Bayero. Yunwar da ake kira Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce, Mai Buhu ta 1927, annobar mura ta 1918, an kashe Sardauna a Janairun 1966, an koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a farkon 1973. Idan tsohuwa ta ce an kai ta ɗakin miji a shekarar da aka kashe Sardauna, ta kuma ce tana goyon fari aka canja kuɗi, to an samu iyakoki biyu. Abin lura shi ne sunayen yunwa sukan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ya kamata a haɗa jadawali na gida wanda zai ƙunshi jerin hakimai da dagatai da limamai, da shekarar da kogi ya yi ambaliya ko gobara ta ci unguwa.

Bayan baki sai adaka da gafaka. A gidajen malamai, waɗanda ba su da wuyar samu a wannan yanki, akan tarar da Alƙur'ani rubutun hannu ko littafin fiƙihu wanda mai kwafarsa ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da na malaminsa a ƙarshe, wani lokaci kuma a sami haihuwa ko rasuwa an rubuta a gefen shafi. Shekarar da ke jikin irin wannan rubutu ta Hijira ce, wadda ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka hanya mai sauƙi ita ce a ninka ta da 0.97 a ƙara 622, misali 1321 ta ba da 1903. Sau da yawa ba a rubuta shekarar da lambobi, ana rubuta ta ne da ramzi, wato kalmar da aka haɗa daga haruffa masu ƙima, wadda idan aka tara ƙimarsu sai shekarar ta fito. A nan akwai tarko, domin malaman ƙasar nan lissafin Magariba suke bi, inda harafin shinun yake dubu ɗaya sinun kuma ɗari uku, alhali a lissafin mutanen gabas shinun ɗari uku ne sinun sittin, wanda ya ɗauko jadawali daga littafin Masar kuwa zai yi kuskuren ɗaruruwan shekaru. Takardar kanta shaida ce, domin idan aka ɗaga ta ga haske aka ga tambarin jinjirin wata uku, to irin wadda ake kawowa daga Italiya ta hamada ce, wadda ta yawaita a ƙarni na 19. Kada kuma a rikita salsalar ilmi ko ta ɗariƙa, wadda ke jera malami daga malami a cikin ijaza, da salsalar jini. A sauran gidaje abin da za a nema shi ne rasiɗin haraji da na jangali, da takardar cinikin gona, da fasfon aikin hajji, da takardar sallama daga soja, da tsofaffin hotuna, waɗanda ya kamata a rubuta sunayen mutanen cikinsu tun masu gane su suna raye.

Kafin a fita neman takardun hukuma dole ne a san tarihin iyakoki, saboda takarda tana bin hukumar da ta rubuta ta ne. Jihar Jigawa an ƙirƙire ta ranar 27 ga Agusta 1991, kafin nan Gwaram da Birnin Kudu suna cikin Jihar Kano tun 1967, kafin nan kuma gundumomi ne na masarautar Kano a cikin Lardin Kano, ƙarƙashin En'e ta Kano. An ɗaga darajar Dutse a 1981 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka soke a 1983, sai bayan samun jiha masarautar Dutse ta zauna da gindinta ta haɗa Gwaram da Birnin Kudu da Buji, wadda aka cire daga Birnin Kudu a 1996. Ma'anar wannan ita ce wanda yake neman kakansa na zamanin Turawa ba a Dutse zai fara ba. Zai nufi Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, reshen hukumar da Kenneth Dike ya assasa a 1954, inda fayilolin Lardin Kano suke ƙarƙashin lakabin Kanoprof, na ofishin sakataren lardunan Arewa kuma ƙarƙashin SNP. Zai kuma leƙa Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, da ɗakunan karatu na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, inda ɗalibai suka tara kundayen digiri a kan tarihin garuruwansu, cike da hirarraki da dattawan da yanzu ba su duniya.

Iri biyu na takardun Turawa sun fi amfani. Na farko rahoton ƙiyasin haraji, wanda jami'in mulki yake rubutawa bayan ya zagaya gunduma ƙauye ƙauye, yana ƙirga gidaje da gonaki da dabbobi da sana'o'i, yana kuma rubuta tarihin kafuwar gari da ƙabilun da ke cikinsa kamar yadda aka gaya masa. Na biyu kundin gunduma, wanda ake ajiye bayanin kowace dagatai a cikinsa, da jerin waɗanda suka riƙe ta da dangantakarsu da dalilin tuɓe wanda aka tuɓe. Ga zuriyar dagatai da masu unguwanni wannan taska ce, ga talaka kuwa abin da zai samu shi ne labarin garinsu da lokacin da jama'arsu suka iso, sunan kakansa sai dai a jerin masu biyan haraji, wanda malamin dagaci yake rubutawa gida gida, irin wannan jeri kuma a ofishin hakimi ko gidan dagaci ya fi zama, har zuwa 1979 da gwamnatin Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Waɗannan takardu ba wahayi ba ne. Baturen ta bakin tafinta yake ji, a gaban hakimi ake ba shi labari, dagacin da ke kan gado kuma yana da dalilin taƙaita ambaton gidan da suke takarar sarauta da shi. Talakawa su ma sukan ɓoye samarin da suka isa haraji, makiyaya su kaɗa shanu daji idan malamin jangali ya doso, don haka rashin ganin suna a jeri ba hujja ce ta rashin mutum ba. Ga kuma matsalar rubutu, domin kafin shekarun 1930 babu haruffa masu lanƙwasa, Turawa kuma kowa yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, har Palmer, mai fassara Tarihin Kano, ya rubuta Dutse a matsayin Dussi. Sunayen garuruwa suna maimaituwa, Wurno ta Birnin Kudu daban take da Wurnon Sakkwato, gari kuma yakan tashi ya bar kufai, ko ya rabu biyu kamar Gwaram Tsohuwa da Sabuwa.

Kundin alƙali ya fi duk waɗannan kusa da buƙatar mai salsala, saboda shari'ar gado ba ta yiwuwa sai an lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, mata da 'ya'ya maza da mata da iyaye, a gaban shaidun da suka san gidan, rigimar gona kuma takan tilasta a faɗi wanda ya sare dajin da waɗanda suka gada bayansa. Wannan ne kusan wuri ɗaya tilo da sunayen mata suke shiga rubutu. Tsofaffin kundayen da Larabci muhuti yake rubuta su, wanda yake son ganin kamanninsu kuwa ya dubi littafin da Allan Christelow ya fitar a 1994, inda ya fassara shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914. A cikin irin waɗannan kundaye ne kuma ake cin karo da abin da gidaje ba su son tunawa, wato bauta. Turawa sun zartar cewa duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, ba a haramta bautar gaba ɗaya ba sai 1936, a tsakanin nan kotuna sun rubuta 'yantawa da fansar kai da yawa, da sunan bawa da na ubangidansa, wani lokaci har da ƙabilarsa. Mai bincike na iya gano cewa kakarsa ƙwarƙwara ce da aka kamo, ko kakansa Bawarje ne ko Bamaguje da ya musulunta ya sake suna. Babu abin kunya a ciki, goge shi daga salsala kuma ha'inci ne, amma wanda ya tsinci irin wannan game da gidan maƙwabci ba shi da haƙƙin yaɗa shi, musamman da yake har yanzu ana fasa aure a kan haka.

Idan igiya ta yanke a Zandam, sau da yawa ƙaura ce ta yanke ta, kuma ƙaurace-ƙauracen wannan yanki suna da sanannun dalilai. Tun daga wajajen 1846, lokacin da Malam Hamza ya bar Tsakuwa ya shiga duwatsun Ningi saboda rikicin haraji, har zuwa zuwan Turawa, hare-haren Ningawa sun addabi kudancin ƙasar Kano, suka tura mutane cikin garuruwa masu ganuwa, aka kama wasu daga kowane ɓangare. Yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895, wanda ɓangare ɗaya, wato Yusufawa, suka kafa sansaninsu a Takai, ya tayar da gidaje ya sauya masu sarauta. A 1903 jama'a da yawa sun bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, bayan yaƙin Burmi kuma waɗanda suka tsira suka zarce har Sudan, inda zuriyarsu suke a Mai Wurno. Daga baya aka yi ta tafiya hajji a ƙasa, da cirani, da aikin kuza a Jos, da yaƙin Bama. Kasancewar Gwaram a kan iyakar Bauchi yana nufin dangin uwa na iya kasancewa a Shira ko Ningi, takardunsu kuwa galibi a fayilolin Lardin Bauchi suke.

Rajistar shiga makarantar firamare tana da amfani, domin takan ƙunshi sunan uba da unguwa da shekarar shiga, ta kuma yawaita bayan shirin ilmi kyauta na 1976, ko da yake shekarun haihuwar da ke ciki ƙiyasin malami ne. Takardar rantsuwar shekaru ta kotu ita ce mafi raunin shaida, tun da kowa ya san yadda ake rage shekaru don aiki. Ƙidayar jama'a ta 1931 da 1952 da 1963 alƙaluma ta bari, ba sunaye ba.

Littattafan da aka buga suna ba da shimfiɗa ne kawai. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908 aka kuma buga Hausarsa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ambaci cewa Sarki Abdullahi Burja na ƙarni na 15 ya auri 'ya'yan sarakunan Dutse da Shira da Rano, abin da ke nuna daɗewar waɗannan garuruwa, amma ba zai gaya wa kowa sunan kakansa ba. Haka kundin Lardin Kano na Gowers na 1921, da Kano ta Dabo Cigari na Abubakar Dokaji, da littafin Adamu Fika a kan basasar Kano. Zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, yana tabbatar da cewa mutane sun daɗe a nan, ba ya tabbatar da cewa su ne kakannin wani gida na yau. Tsagar fuska, wadda tsofaffin wanzamai suka san ta kowane gida, da kirarin da maroƙa suke yi wa zuriya, da wasan taubasantaka irin na Fulani da Barebari, alamu ne masu nuna inda za a dosa, amma bawa yakan ɗauki tsagar ubangidansa, maroƙi kuma gwargwadon kyauta yake tsawaita asali. Gwajin ƙwayoyin halitta da ake tallatawa a intanet yana iya nuna kusancin jini tsakanin rayayyu biyu, suna kuwa ko ɗaya ba ya bayarwa.

Abin da aka tara sai a rubuta shi ta yadda wani zai iya bin sawu. Kowane mutum a ba shi shafinsa, da sunan yanka da laƙabi da uba da uwa da matan aure da 'ya'yan kowane ɗaki, a gaban kowace magana kuma a rubuta inda aka samo ta, ko sunan dattijo da ranar hira, ko lambar fayil da shafi. A bambanta abin da takarda da baki suka haɗu a kansa, da abin da baki ɗaya kawai ya faɗa, da abin da zato ne, idan ruwaya biyu suka saɓa kuma a rubuta su duka, kada a zaɓi mai daɗin ji. Yawancin gidajen talakawa za su tsaya ne a kaka na biyar ko na shida, wato wajajen zamanin Sarkin Kano Dabo ko Sarki Abdullahi Maje Karofi, kuma daidai ne a ja layi a nan a rubuta cewa iyakar abin da ya tabbata ke nan. A ɗauki hoton kowace takarda a mayar wa masu ita, a yi kwafi fiye da ɗaya a raba wa rassan gida, saboda gara da ɗigar damina da gobara sun cinye fiye da abin da ya rage.

Kira na ƙarshe ga hakimai da dagatai da limaman Zandam da Sara da Fagam da Kila da Basirka da sauran garuruwan yankin shi ne su buɗe adakokin da suka gada a ɗauki hoton abin da ke ciki, ga ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu kuma su nemo tsofaffin kundayen haraji da na kotu su killace su a ɗaki mai rufi nagari. Ɗalibai da malaman makarantu, waɗanda kowannensu yake riƙe da wayar da za ta iya naɗar murya, su fara da tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidansu, cikin wannan mako.